Kason jihohi ya ƙaru: wa ke yanke abin da ake kashewa a makaranta da asibiti?

Ɗan_Jekadafari:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, ina so masana cikinmu su warware min. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, kowa ya san kason da jihohi ke karɓa daga Abuja duk wata ya ƙaru sosai, gwamnonin ma ba su musa ba. To wa ke zama ya ce ilimi nawa, lafiya nawa, ruwan sha nawa, tallafin marasa ƙarfi nawa? Doka ce ta tsara, ko ra'ayin gwamna ne kawai, ko akwai abubuwan da ke ɗaure masa hannu? Don Allah ba siyasa na kawo ba. Gombe da Bauchi nake so mu duba tunda su muka sani.

Tela_Pantami:
Wa alaikumussalam. Amsa a taƙaice: abin da za a ɗauka a hoto shi ake yi. Ana ganin titi, ana ganin gadar sama. Albashin malamin firamare ba ya hawa allon talla.

Baffa_Akanta:
Ɗana, tambayarka ta yi, amma fara da inda kuɗin ke fitowa kafin ka tambayi inda suke zuwa. Aikin lissafin gwamnati na yi har na yi ritaya, bari in gaya maka yadda ƙarshen wata yake. Kwamitin FAAC zai zauna a Abuja ya raba abin da ya shiga asusun tarayya. Bayan an cire kashi 13 na jihohin da ake haƙo mai, gwamnatin tarayya ta ɗauki kashi 52.68, jihohi su raba kashi 26.72, ƙananan hukumomi 774 su raba kashi 20.60. Kafin kason jiha ya iso ma an riga an zare kuɗin biyan bashin waje da sauran basussukan da jiha ta sa hannu a riƙa cirewa tun daga can.

Abin da ya sauka a asusu, albashi ne farko, don in wata ya ƙare ba a ji alat ba duk garin nan sai ya ji a jikinsa, daga mai shago har ɗan acaɓa. Sai fansho. Sai kuɗin tafiyar da ofisoshi, sai majalisa da kotuna, sai tsaro. Sai 'yan kwangila da ke riƙe da takardar shaidar sun kai wani mataki na aiki, suna ta zarya a ma'aikatar kuɗi. Abin da ya rage bayan nan shi ake kokawa a kai, kuma a nan ne takardar neman sayen magani ko littattafai ke kwana a kan tebur, an rubuta mata a jira kuɗi su samu. Ba ƙi aka yi ba. An amince, an sa hannu, ba a dai saki ba. Saboda haka duk wanda ya ce maka jiha kaza ta ware kashi kaza ga lafiya, ka tambaye shi nawa aka saki.

Ɗan_Jekadafari:
Allah ya saka da alheri Baffa. Ke nan kasafin da ake karantawa a majalisa ba shi ne ainihin abin da ake kashewa ba?

Baffa_Akanta:
Niyya ce aka rubuta aka mai da ita doka. Yana ba gwamnati izinin kashewa, ba ya tilasta mata ta kashe.

Ɗalibin_Kashere:
Amma ai akwai ƙa'ida. UNESCO ta ce a ware kashi 26 na kasafi ga ilimi, ba jihar da ke cikawa. Da za a bi wannan da an huta.

Lauya_Tudun_Wada:
Ƙanena, wannan kashi 26 ɗin ya daɗe yana yawo a jaridu da bakin shugabannin ƙungiyoyi, amma abin da ƙasashe suka amince da shi a taron ilimi na duniya da aka yi a Incheon ta Koriya ta Kudu a 2015 shi ne kashi 15 zuwa 20 na abin da gwamnati ke kashewa, ko kashi 4 zuwa 6 na arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara. Na lafiya kuma alƙawarin Abuja ne na Afrilun 2001, inda shugabannin Afirka suka ce aƙalla kashi 15. Dukansu alƙawura ne, ba wanda za ka kai gwamna kotu a kansa. Abin da yake doka shi ne dokar UBE ta 2004 da ta ware kashi 2 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga ilimin matakin farko, da dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 da ta ware aƙalla kashi 1 ga asusun kula da lafiya a matakin farko. Su ma gwamnatin tarayya suka ɗaure, ba jiha ba.

Ɗalibin_Kashere:
To a ajinmu 26 aka koya mana.

Lauya_Tudun_Wada:
Ka rubuta 26 a jarrabawa ka ci makinka. In ka fito waje ka san gaskiyar.

Malama_Bajoga:
Ni bari in yi magana daga cikin aji. Kuɗin da Lauya ya ambata na UBEC, wato hukumar ilimin matakin farko ta tarayya, ba a ba jiha sai ta ajiye nata daidai da abin da za a ba ta. In ta sa naira ɗaya ta karɓi ɗaya. Shi ya sa za ku ji ana cewa biliyoyi na kwance a Abuja wasu jihohin ba su je sun ɗauka ba. To in an ɗauko, mafi yawansa gini ne da kujeru, kwangila ke nan. A wata makaranta da na koyar an zo an gina mana ajujuwa sababbi, an shafa fenti, an kafa allo da sunan aikin da shekarar. Wallahi ginin ya yi kyau. Amma malaman da ke makarantar ba su ƙaru ko da mutum ɗaya ba. Ni ce 'yan aji uku, ni ce 'yan aji huɗu, sai in ba waɗannan aikin kwafa daga allo in ruga wancan ajin, kafin in dawo an fara dambe a baya. Alli ma sai shugaban makaranta ya ciro daga ɗan abin da iyaye suka tara. Gini sau ɗaya ake biyansa a wuce. Malami kuwa in ka ɗauke shi ka ɗauki albashin shekaru masu yawa da fansho bayan nan. Ko ba a gaya min ba na san wanda gwamnati za ta fi son yi.

Tela_Pantami:
Kin ji ko. Abin da na faɗa tun farko ke nan, Malama ta dai yi masa ado.

Baffa_Akanta:
Ba daidai da naka ba ne, Tela. Kai ka ce don hoto ake yi. Ita ta nuna maka cewa tsarin kuɗin ne da kansa ya karkata zuwa gini, ko da gwamnan ba ya son hoto. Albashin malaman firamare daga kason ƙananan hukumomi ake cirewa, ba daga kuɗin UBEC ba. Aljihu biyu ne daban, mai gina aji daban, mai biyan malami daban.

Hamma_Alkaleri:
Ku mutanen Gombe kuna kuka, mu na Bauchi mu ce me? Ku duba yadda ake raba kason tsakanin jihohi. Kashi 40 daidai wa daida ake raba shi, babba da ƙarama kowa ɗaya. Kashi 30 ne kawai ake dubawa da yawan jama'a, 10 faɗin ƙasa da yanayinta, 10 abubuwan ci gaban al'umma irin su makarantu da asibitoci, 10 ƙoƙarin tara haraji. A ƙidayar 2006 Bauchi ta haura mutum miliyan 4.6, Gombe miliyan 2.3 da 'yan kai. Mu ƙananan hukumomi 20, ku 11. Faɗin ƙasarmu ya ninka naku fiye da sau biyu. Amma kasonmu bai ninka naku ba. In aka raba da kan mutum, ɗan Gombe ya fi ɗan Bauchi samu. Daga Toro zuwa Gamawa tafiya ce ta gaske, duk kuma gwamna ɗaya ake jira ya kai asibiti da malami.

Ɗan_Dukku:
Ai shi ya sa iyayenmu suka dage sai da Abacha ya yanke mana jiha ranar 1 ga Oktoba 1996. Da har yanzu muna bin layi a Bauchi.

Hamma_Alkaleri:
Ba mu riƙe ku ba, mun ma rage nauyi. Amma a maganar lafiya a ba mu haƙƙinmu, Bauchi ta sha sa kashi 15 ko sama da haka a kasafinta.

Adda_Nas:
Hamma, a takarda ko a asibiti? Koma ka karanta abin da Baffa ya rubuta a sama.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a asibitin matakin farko, kuma zan faɗi alheri in faɗi akasinsa. An gyara asibiti ɗaya a kowace mazaɓa cikin mazaɓu 114 na jihar Gombe, wannan da idona na gani, namu ma yana ciki. Kuɗin asusun lafiya na matakin farko kuma kai tsaye suke shigowa asusun asibiti, ba sa bi ta hannun kowa a sakatariya, da su muke sayen safar hannu da sabulu da ƙananan gyare-gyare. Masu katin GoHealth, wato inshorar lafiya ta jiha, suna zuwa ana duba su. Amma ku lura da abu ɗaya: duk inda kuka ga abu yana tafiya a kan lokaci, ku bincika, za ku tarar akwai wani daga waje da ya sa sharaɗi. Rigakafi, maganin tamowa na yara, gidan sauro, awon ciki, yawanci akwai hannun UNICEF ko Bankin Duniya ko wata ƙungiya, kuma sun ce sai jiha ta sa nata kafin su sa nasu. Abin da ba mai sa ido a kansa daga waje, kamar ɗaukar sababbin ungozoma, shi ke jan ƙafa. Ranar awo mata kan cika benci har su zauna a ƙasa a baranda, mu biyu ne, ɗaya na gwada hawan jini ɗaya na rubuta kati, in aka kawo mai naƙuda sai layin ya tsaya cak. Waɗanda suka yi ritaya ba a maye gurbinsu da sauri, matasan da suka ƙware kuma da sun samu hanya sai asibitin koyarwa na tarayya ko Saudiyya.

Hamma_Alkaleri:
Wannan gaskiya ne Adda. Mu ma da Amurka ta dakatar da tallafin USAID a farkon 2025 an ji a jiki a Bauchi, don suna da shirin lafiya babba a jihar.

Sarkin_Yaƙi_Kumo:
Ni dai na ga an fara karkata. Kafin Gwamna Inuwa Yahaya ya hau mulkin Gombe a 2019 ina asibitocin nan suke? Wa ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi? Wa ya kawo aikin hanyoyi na kilomita 100 a kowace ƙaramar hukuma? Ku riƙa godiya. Kuma mai cewa titi ba aikin talaka ba ne, bai taɓa ɗauko mai naƙuda a kan babur daga ƙauye da damina ba. Titi ma lafiya ne.

Ɗan_Dukku:
An zo wurin. Dama na san sai ka fito. Jami'ar jiha a 2004 wa ya kafa? Ruwan Dadin Kowa wa ya jawo zuwa cikin gari? Tarihi bai fara a 2019 ba.

Sarkin_Yaƙi_Kumo:
Wa ya ce tsohon gwamna Goje bai yi aiki ba? Kai dai ba ka iya jin an yabi mai ci.

Mai_Kula_Da_Zaure:
Jama'a a yi hattara. Mai tambaya ya ce ba siyasa ya kawo ba. Duk wanda ya koma zagi zan goge.

'Yar_Billiri:
Ban da yabon da ya cika, Sarkin Yaƙi ya faɗi abu ɗaya mai ma'ana: ina iyakar abin da za a kira kashewa don jama'a? Hanyar ƙauye da ke kai mace asibiti ta shiga ko ba ta shiga ba? Ni a wurina ta shiga. Amma sabon ginin ofis ko gidan saukar baƙi bai shiga ba, ko da an sa shi a ƙarƙashin ma'aikatar ilimi. Kuma wannan wata dabara ce da ya kamata a sani. In aka ce ilimi ya samu kaso mafi tsoka, a duba nawa ne na jami'a da kwalejoji, nawa ne na firamare. Manyan makarantu suna da ƙungiyoyin malamai masu iya rufe makaranta, suna da ɗalibai masu waya da Facebook. Yaron aji biyu a ƙauye ba shi da kowa. Wanda ya iya ihu shi ake fara sallama.

Sannan akwai rabon yanki. Kowane gwamna sai ya duba Gombe ta Arewa, ta Tsakiya, ta Kudu, kada a ce ya yi wariya. Wani lokaci ba inda buƙata ta fi yawa ake kai aiki ba, inda za a ce an yi adalci ake kai shi, ko inda ƙuri'a ta fito.

Lauya_Tudun_Wada:
Ƙara da 'yan majalisa. Kasafi ba ya wucewa sai ta hannunsu, kowa kuma yana son a ga wani abu a mazaɓarsa. Shi ya sa za ka ga ƙananan ayyuka barkatai, rijiyar burtsatse nan, aji biyu can, maimakon abu ɗaya babba da aka tsara.

Manomi_Dadin_Kowa:
Ni tambayata, kuɗin da aka ce sun ƙaru ɗin nan, sun ƙaru da gaske? Don ni ma kuɗin da nake sayar da buhun masara ya ƙaru a kan na da, amma taki ya cinye.

Baffa_Akanta:
Malam, ka taɓo inda ya dace. A lamba sun ƙaru sosai. Amma wani ɓangare na ƙarin daga faɗuwar naira ya zo. Dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023, daga baya ta haura 1,500. Dalar mai ɗaya in aka canza ta sai ta ba da naira mai yawa, sai kason ya kumbura. To amma bashin waje da dala ake biyansa, shi ma ya kumbura haka. Siminti, rodi, dizal, magani da kayan asibiti da ake shigowa da su duk sun tashi. Sannan mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a Yulin 2024. Duk da haka ba zan ce ba a samu sarari ba. An samu. Jihohi sun fi numfasawa yanzu a kan 2015 da 2016, lokacin da farashin mai ya faɗi har sai da gwamnatin Buhari ta ba jihohi bashin ceto don su biya albashi. Mu da muke ofis a lokacin mun ga tashin hankali. A irin wannan shekarar abin da ake fara yankewa shi ne gyaran makaranta, sayen magani, tallafin karatu na ɗalibai, don su ba sa yajin aiki.

Ɗan_Jekadafari:
To Baffa in an samu sarari kamar yadda ka ce, ashe mun dawo kan ra'ayin gwamna ke nan. Bayan albashi da bashi, abin da ya rage shi ke cewa a kai nan ko can.

Baffa_Akanta:
A wannan ragowar, ƙwarai. Ba zan ɓoye maka ba, a jiha ba a sakin kuɗi mai kauri sai da sa hannunsa. Kwamishina mai shiga wurinsa kai tsaye ma'aikatarsa ta fi samu. Kwamishinan da sai ya jira a falo, fayil ɗinsa ma jira yake yi.

Goggo_Mai_Ƙosai:
Ni ban yi boko mai zurfi ba amma ina biyan haraji, kullum sai an yanka min rasit a bakin kasuwa. Ina kuɗin nan ke zuwa? Kuma ni abin da na gani a hannuna daga gwamnati shi ne shinkafa da taliya da azumi, shi ma sai kana da wanda ya san ka a mazaɓa.

Tela_Pantami:
Goggo ai ke ce kika fi kowa gaskiya a zauren nan.

Lauya_Tudun_Wada:
Goggo, rasit ɗin kasuwa yawanci na ƙaramar hukuma ne. Harajin da jiha ta fi dogara da shi shi ne wanda ake cira daga albashin ma'aikata, sai na filaye da lasisin motoci da makamantansu. In aka haɗa duka, bai kama ƙafar abin da ke zuwa daga Abuja ba, a nan da Bauchi duka. Kuma ina ganin wannan na cikin amsar tambayar. Gwamnatin da kuɗinta daga aljihun mutanenta suke fitowa dole ta lallaɓa su. Wadda kuɗinta ke sauka daga sama duk wata ba ta jin wannan matsin sai zaɓe ya ƙarato.

Ɗalibin_Kashere:
Amma muna da kamfanin siminti na Ashaka a Funakaye. Kamfani kamar wannan bai isa ya riƙe jiha ba?

Lauya_Tudun_Wada:
Harajin ribar kamfani na tarayya ne, asusun tarayya yake shiga a raba da kowa. Jiha harajin albashin ma'aikatansa take samu da wasu ƙananan kuɗaɗe. Rigimar VAT, wato harajin sayen kaya, ma ai a kan irin wannan aka yi ta. Ka tuna a Oktoban 2024 gwamnonin Arewa sun zauna a Kaduna, gwamnanmu ne shugaban ƙungiyar, suka ƙi amincewa da tsarin rabon da aka fara kawowa a ƙudurin gyaran haraji. A dokar da aka sa wa hannu a 2025 kason jihohi na VAT ya tashi daga kashi 50 zuwa 55.

Hamma_Alkaleri:
Ku bari man Kolmani ya fara fita ku ga yadda lissafi zai canza. A ƙasarmu yake.

Ɗan_Dukku:
A ƙasarku kai da wa? Kan iyaka yake, da mu da ku.

Baffa_Akanta:
Ku daina rabon abin da bai zo hannu ba. Buhari ya ƙaddamar da aikin a Nuwamban 2022, amma kashi 13 a kan man da aka haƙo aka sayar ake biyansa, ba a kan bikin ƙaddamarwa ba. Kuma ku dubi jihohin da suka daɗe suna karɓar kashi 13 ɗin, ba duka ne makarantunsu suka zama abin koyi ba.

Malama_Bajoga:
Akwai abin da ba wanda ya ambata, yawan yaran kansu. Duk shekara 'yan aji ɗaya sun fi na bara. Ga waɗanda rikicin Boko Haram ya koro daga Borno da Yobe suka zauna a Gombe da Bauchi, da yawansu ba su koma ba, 'ya'yansu suna ajinmu, matansu suna layin su Adda. Amma rabon Abuja da lissafin tsohuwar ƙidaya ake yinsa. Ko gwamna na da niyya, gudu yake yi ana ƙara masa nisa.

Ustaz_Bolari:
Malama, a yi hankali da wannan magana. Haihuwa arziki ce, kowane yaro da rabonsa yake zuwa. Matsalar rashin amana ce ba yawan yara ba.

Malama_Bajoga:
Allah ya gafarta Malam, ban ce a daina haihuwa ba, ni ma uwa ce. Cewa na yi a lissafa su a kasafi. In yara sun ƙaru malamai ba su ƙaru ba, ni ce nake tsaye a gabansu.

Ustaz_Bolari:
To a nan mun haɗu. Kuma tunda ana lissafin yara, a sa da almajiran tsangaya, su ma 'ya'yan jiha ne. Ba a tuna su sai wani shirin Bankin Duniya irin BESDA ya zo da kuɗi a kan yaran da ba sa zuwa makaranta, a yi ta rajista, shirin ya ƙare a koma gidan jiya.

Adda_Nas:
Ka ga abin da na faɗa ɗazu ya sake fitowa. Sharaɗin mai ba da kuɗi.

'Yar_Billiri:
Amma Adda ba kullum sharrin sharaɗin ba ne. Shirin SFTAS na Bankin Duniya da aka fara a 2018 shi ya sa jihohi suka fara ɗora kasafinsu a intanet, da rahoton yadda aka aiwatar da shi duk wata uku, don sai sun yi hakan ake ba su kuɗi. Yau in kana da data za ka iya sauke rahoton ka ga ma'aikatar lafiya an ware mata kaza, an saki kaza zuwa watan Satumba. Da can sai kana da ɗan'uwa a ma'aikatar kuɗi. Mu ne ba ma karantawa.

Tela_Pantami:
Shafi ɗari nawa ne? Ni da ke kan keken ɗinki tun safe yaushe zan karanta? Ku masu boko ku karanta ku fassara mana a rediyo.

Sarkin_Yaƙi_Kumo:
Kuma ana kiran taron jin ra'ayin jama'a kafin a kai kasafi majalisa. Wa ya hana ku zuwa? Sai a zauna a waya ana ƙorafi.

Ɗan_Dukku:
Taron da ake gayyata da kati? Na taɓa zuwa irinsa, jawabai aka yi ta yi, da aka zo tambayoyi aka ce lokaci ya ƙure.

Manomi_Dadin_Kowa:
Kada a manta da abin da ba a shirya masa ba. Shekarar da aka yi ambaliya ko kwari ya cinye unguwa a cikin Gombe, dole a kwashi kuɗi a kai can. Zaizayar ƙasa a garin nan ba ƙaramin kuɗi take ci ba. Haka in tsaro ya taɓu. Daga ina ake ɗebowa? Daga wurin da ba za a yi surutu ba.

Ɗan_Jekadafari:
Na ƙaru wallahi. Amma har yanzu akwai inda ban gane ba. Tunda firamare da asibitin matakin farko a wuyan ƙananan hukumomi suke, hukuncin Kotun Ƙoli na ba su kuɗinsu kai tsaye ba zai gyara lamarin ba?

Lauya_Tudun_Wada:
Hukuncin 11 ga Yuli 2024 ke nan. Kotu ta ce a riƙa tura musu kasonsu kai tsaye, kuma ba a ba shugabannin riƙo, sai zaɓaɓɓu. Amma sashe na 162 na tsarin mulki da ya kafa asusun haɗaka na jiha da ƙananan hukumomi yana nan ba a goge shi ba, shi ya sa aiwatarwa ta zama ja-in-ja. A ra'ayina in kuɗin suka sauka a Nafada ko Shongom, mutum ya san gidan ciyaman, ya san inda yake sallar Juma'a ko coci, zai fi sauƙin tambaya.

Malama_Bajoga:
Lauya, Allah ya kiyaye. Tambayi tsofaffin malamai abin da suka sha lokacin da albashinsu ke hannun ƙananan hukumomi kai tsaye, wata da watanni ba biya. Shi ya sa ƙungiyar malamai ta NUT ta daɗe tana cewa ko za a ba su 'yanci a cire albashin malamai tun daga sama. Ni gara a bar ni a inda nake jin alat.

Baffa_Akanta:
Malama ta fi ka gaskiya a nan, Lauya. Akwai ƙaramar hukumar da in ta biya malamai da ma'aikatan lafiya daga kasonta kaɗai, abin da zai rage ba zai taka kara ya karya ba, wata kuma za ta samu rara. Asusun haɗaka, duk da ɓarnar da ake yi da shi, yana rufa wa masu nauyi da yawa asiri. In za a raba gari sai an fara zama an lissafa wannan.

Lauya_Tudun_Wada:
Baffa, da girmanka, wannan hujjar ita gwamnoni suka shekara ashirin suna bayarwa. In rufin asiri ne a rubuta shi a doka, a buga lissafin kowa ya gani, ba a bar shi a hannun mutum ɗaya ba.

Hamma_Alkaleri:
Wai tsakani da Allah, a Gombe kuɗin sun fara sauka kai tsaye ne ko har yanzu ta jiha suke bi? Akwai ma'aikacin ƙaramar hukuma a zauren nan ya gaya mana?

Goggo_Mai_Ƙosai:
In ya fito ni ma ina da tambaya a kan rasit ɗina.